Me ya sa leda ke narkewa, amma mariƙin tukunya ba ya narkewa?

Mai Neman Sani: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Jiya leda ta taɓa gefen tukunya mai zafi, nan take ta yanƙwane ta manne, alhali baƙin mariƙin tukunyar, wanda shi ma roba ne, ya shekara yana shan zafi bai ko lanƙwashe ba. Ina roƙon masana su fayyace mini inda bambancin yake.

Malamin Kimiyya: Wa alaikumus salam. Bambancin yana cikin yadda aka ƙulla ƙwayoyinsu. Daga iskar etilin ake yin leda, kuma kowace ƙwayarta tana ɗauke da zarrar kabon 2 da ta haidirojin 4, tare da ɗauri biyu tsakanin kabon ɗin. Idan aka haɗa mata zafi da matsi mai tsanani, ɗauri ɗaya yakan kwance ya kama ƙwayar da ke kusa, ita ma ta kama ta gaba, har dubbai su jeru kamar carbi, kuma wannan doguwar sarƙar ce ake kira polima. Sarƙoƙin leda a cakuɗe kawai suke, ba a ɗaure wata da wata ba, shi ya sa da zafi ya kai wajen digiri 110 sai su fara zamewa. Mariƙin kuwa galibi Bakelite ne, wanda Leo Baekeland ya haɗa a Amurka a 1907 daga sinadaran fenol da fomaldihaid, kuma sarƙoƙinsa a saƙe suke ta ko'ina kamar raga, don haka sai dai ya ƙone ya zama gawayi.

Mai Neman Sani: Allah ya ƙara ilimi, Malam. To jarka fa, wadda na ji an ce ita ma da etilin ake yin ta, me ya ba ta tauri?

Injiniya: Da izinin Malam zan amsa wannan. Sarƙar da aka ƙulla da matsi mai tsanani takan fito da rassa, kuma rassan ne ke hana sarƙoƙin haɗuwa sosai, sai robar ta yi laushi. A 1953 Karl Ziegler ya gano a Jamus wani sinadari mai ɗauke da titaniyom da ke jera etilin a miƙe ba tare da wannan matsin ba, aikin da ya ba shi kyautar Nobel tare da Giulio Natta a 1963. Miƙaƙƙun sarƙoƙi kan kwanta a jikin juna kamar damin kara, daga nan taurin jarka ya fito. Kada ka yi mamaki, ledar nan mai ƙara idan an murza ta, irin robar jarka ce aka busa ta yi siriri.