Shawarwarin masana kan wasannin harbi na jiragen sama irin na dā

Waɗanda suka tattauna kan wasannin bidiyo irin su 1942 na kamfanin Capcom (1984) da Raiden na Seibu Kaihatsu (1990) sun yarda cewa daɗinsu yana cikin sauƙin koyo da wuyar ƙwarewa, domin maɓalli biyu ne kacal, amma harsashi ɗaya ya isa ya kakkaɓo jirginka.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce kada ɗan wasa ya riƙa adana bama-bamai yana jiran wani lokaci, saboda wanda aka harbo da bam a hannunsa ya yi asara biyu, kuma a ganina wannan gaskiya ce tsantsa. A 1942, juyin da jirgi ke yi a sama shi ne mafaka, kuma adadinsa ƙayyadadde ne, don haka a yi amfani da shi idan an rasa hanyar kaucewa.

Sun kuma ce a sa ido kan gurbin da ke tsakanin harsasai, a riƙa matsawa kaɗan-kaɗan, a haddace wuraren da abokan gaba ke ɓullowa tunda tsarinsu ba ya sauyawa. A Raiden, jan makami yana bazuwa ko'ina, shuɗin kuwa yana tafiya miƙe da ƙarfi, ya fi dacewa da manyan jirage.