Garin roba duk ɗaya ne?

Daga zauren WhatsApp na 'yan garinmu, gefen Ringim.

Mai injin roba: Jama'a, ina nan kan bakana. Roba roba ce. Garin robar nan da ɗanmu ɗalibi ke cewa ana saye da tsada a Turai, in na wasa wuƙaƙen injina na samu rariya mai laushi, zan fitar da irinsa daga gorunan da nake kaiwa Sharaɗa.

Ɗalibi: Kawu, Allah ya ƙara girma, ba ɗaya ba ne. Robar gorar ruwa ita ake kira PET, wajen digiri 250 take narkewa. Wanda nake nufi garin wata roba ce daban mai suna PEEK, da kamfanin ICI ya fara haɗawa a Ingila a 1978. Sai zafi ya kai 343 yake narkewa, kuma ko laushi ba ya farawa sai wajen 143. Gora kuwa ruwan shayi ma yana lanƙwasa ta.

Mai shayi: Haka ne. Kuma in ta kusanci murhu bakinta yakan yi fari, ya daina nuna ido. Ƙonewa ce.

Malamin kimiyya: Ba ƙonewa ba ce, Malam. Robar dogayen zaruruwa ce a cukurkuɗe. Zafi ne ya ba su damar jeruwa a tsare kamar zare a masaƙa, haske ya kasa ratsawa. Yawan wannan jeri ake aunawa a gari: a ɗebi ɗan mitsitsi, a ɗumama shi a na'urar auna zafi da ake kira DSC, a ga zafin da ya sha wajen narkewa. A PEEK, jerin yakan kai wajen kashi 30 cikin 100.

Mai injin roba: To ai shi ke nan! Sai in gasa nawa ya yi fari.

Ɗalibi: Zai ƙara tauri, Kawu, amma a 250 ɗin dai zai narke. Ga kuma niƙan. Kai da kanka ka san in inji ya ɗau zafi robar danƙo take yi, ta fito ɓare-ɓare. Masu yin wancan garin sukan daskarar da ita da ruwan naitirojin, digiri 196 ƙasa da sifili, kafin su niƙa. Wasu kuma narkar da ita suke yi a sinadari, su bar shi ya huce a hankali, garin ya kwanta ƙwaya-ƙwaya.

Mai injin roba: Naitirojin ɗin ne ba ni da shi. Amma ranar da za ka koma makaranta, biyo ta rumfata ka ɗebi garina a auna, na ga sakamakon da idona.