Me ya sa gwamna ba ya iko da 'yan sanda?

Ɗan Ƙofar Soro: Malamai, ana kiran gwamna shugaban tsaron jiha, to me ya hana Katsina kafa 'yan sandanta?

Badauri: Ɗan'uwa, Tsarin Mulkin 1999 ya sanya 'yan sanda, soja da kuɗin ƙasa cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, kuma Sashe na 214 ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda ban da ta tarayya. Shi ya sa Gwamna Raɗɗa ya tsaya ga rundunar sa-ido ta al'umma a 2023.

Malama Funtuwa: Haka ne, amma rabon iko tsakanin tarayya da jihohi yana sauyawa, domin gyaran Tsarin Mulki na 2023 ya ba jihohi damar yin doka kan lantarki da jirgin ƙasa, ko da yake idan dokoki suka ci karo, ta tarayya ce ke rinjaye.