Tayar bayan Mustang ɗina ta cinye, mai banshar (mai gyaran taya) yana so ya canza min saiz, wa ya taɓa gwadawa?

Ɗan Karantina, Jidda

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mustang GT ce ta 2017 na saya hannu na biyu bara, mai Performance Pack ɗin nan, gaba 255/40R19, baya 275/40R19. Tayoyin baya sun zama kan mai sanƙo, zanen ya ɓace gaba ɗaya ta ciki, ga fahas ɗina, wato gwajin lafiyar mota, saura wata guda kuma na san da su a haka ba zan wuce ba. Jiya na je banshar ɗin unguwarmu mutumin ya ce 275/40 babu a wajensa amma yana da 285/35, wai ta fi faɗi ta fi kyau a ido kuma duk abu ɗaya ne, ya ce in ina so yau ɗin nan ya ɗaura min. Ni kuma gaskiya raina ya biya don na ga wata a Kornish da faɗaɗɗen baya abin ya burge ni. Amma tsoro nake ji kar in zuba riyal ɗina a banza. Yawancin tuƙina cikin gari ne, sai Madina sau ɗaya a wata wajen Hajiyarmu. Wanda ya taɓa canza saiz a irin motocin nan don Allah ya faɗa min abin da ya gani da idonsa, ba wai an ce ba.

Kawu na Shara Mansur, Makka

Wa alaikumus salam ɗana. Na yi shekaru ina aikin banshar kafin bayana ya ce ya gaji, to bari in gaya maka, duk mai shagon da ya ce maka “duk ɗaya ne” abin da ke cikin sitonsa yake son sayarwa. Ɗauki biro. Lambar farko faɗin taya ce a milimita, ta biyu kuma kaso ne na wannan faɗin, shi ne tsayin gefen tayar daga bakin janti, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, zuwa kwalta. 275/40 gefenta milimita 110 ke nan. 285/35 gefenta bai ma cika 100 ba. In ka haɗa gefe biyu da jantin inci 19, taka ta asali tsayinta ya kusa 703, wadda yake son ɗaura maka 682. Ka ga ta gajarce da milimita 20 da ɗoriya, kusan kashi 3 cikin ɗari. Kuma abin da bai faɗa maka ba, tayarka ta gaba 255/40 tsayinta wajen 687 ne, wato kamfani ya yi motar baya ya fi gaba tsayi, kai kuma za ka mayar da bayan ya fi gaban gajarta. Motar za ta ɗan zauna ta baya, rami tsakanin taya da bodi ya ƙara buɗewa, kyan da kake nema ma ba lallai ka same shi ba. Faɗin santimita ɗaya kacal ka ƙaru da shi.

Abu Sultan, Riyad

Kawu ya gama magana wlh. Ni akasin haka na yi kuma na ji a jikina. Camaro SS gare ni, tana zuwa da 245/40R20 a gaba da 275/35R20 a baya, kuma ranfilat ne, irin wadda ko ta yi faci za ka lallaɓa da ita kilomita 80 in ba ka wuce gudun 80 ba. Matabbat ɗin unguwarmu, tuddan rage gudun nan, sun ishe ni, kullum ji nake kamar a kan amalanke nake, sai na ce bari in ƙara wa bayan nama na sa 275/40R20. Laushi kam na samu ba ƙarya. Amma tayar ta fi ta asali tsayi da kusan kashi 4 cikin ɗari, ni ban lissafa ba. Hanyar Riyad zuwa Ɗa'if 140 ce, na saba in ɗaure maleji a 143 in miƙe ƙafa, sai ga saƙon muhalafa, wato tara, har biyu a tafiya ɗaya. Na ce kai Sahir, kyamarar kama masu gudun nan, ya fara zalunci ne? Sai da na kunna taswirar waya na ga ashe in maleji na cewa 143 ni ina can wajen 148. Laifina ne ba na kowa ba. Ga shi in mun cika motar na hau matab da ɗan gudu sai in ji “ƙirr” tana gogar robar ciki. Wata shida na haƙura na koma saiz ɗin kamfani, kuɗi biyu ke nan.

Abu ɗaya da ban yi nadama ba shi ne barin ranfilat, na koma taya ta gama-gari, ta fi shiru ta fi laushi. Sai dai motar ba ta da safaya, don haka famfon lantarki da kayan faci ba sa fita daga but ɗina.

Ɗan Karantina, Jidda

To Kawu ni tawa ai gajarta za ta yi, ke nan Sahir ba zai kama ni ba ma 😂

Kawu na Shara Mansur, Makka

Haka ne, in malejinka ya nuna 120 kai kana kan 116 da ɗan wani abu. Amma kilomitar motar za ta dinga ƙirguwa fiye da tafiyar da ka yi, ranar da za ka sa ta a kasuwar Haraj don sayarwa za ka tuna da ni. Sannan gefen da ya rage milimita 10 ɗin nan shi ne ke shanye duka in ka faɗa rami, in babu shi janti ne zai sha.

Maman Rayyan, Ɗa'if

Ku maza duk hankalinku na kan faɗi. Ni Toyota 86 nake ja tun 2019, kuma kusan kowane mako sai na sauka Makka ta Hada na dawo, duk wanda ya san hanyar nan ya san kwana ce kan kwana ga hazo ga birai a gefen titi, in hadari ya haɗo kuwa kwaltar sai ta zama kamar an shafa mata sabulu. Motar ta zo da 215/45R17, tayar da aka yi don tsimin mai ba don riƙe kwana ba, da gangan suka yi hakan don bayan ya riƙa ɗan zamewa, samari suna so, ni da yaro a kujerar baya ba na so. Na koma 225/45R17 Michelin Pilot Sport 4, tsayi ya ƙaru da milimita 9 kawai, bai kai kashi ɗaya da rabi ba, jantin inci 7 ya ɗauke ta lafiya, babu guga ko na murɗe sitiyari har ƙarshe. Amma maigidan da kansa ya ce min canjin da nake ji ba daga faɗin santimita ɗayan ba ne, daga irin robar ne, kuma na yarda don maƙwabcinmu ya sa irinta a 215 ɗin kuma shi ma labarin ɗaya yake bayarwa. Mai ya ɗan ƙaru, kaɗan. Yaya na Jidda kar ka ce ku ba ku da ruwan sama, ka tuna ambaliyar Nuwamban 2022. Ka duba takardar da ake mannawa a jikin sabuwar taya, akwai matakin riƙon jiƙaƙƙen titi a kai, ba na tsimin mai kawai ba.

Mai Charger, Dammam

Ba duk canjin saiz ne matsala ba fa, kar a tsorata yaro. Tawa Dodge Charger Scat Pack ce, 245/45R20 ta zo da ita, injin ya fi ƙarfin tayar nesa ba kusa ba, ka ɗan taka a danja sai kuka da hayaƙi mutane su zaci tafhiɗ kake, wato wasan mota. Na sa 275/40R20 duk huɗun. Ku yi lissafin Kawu za ku ga 728 da rabi ne da 728, yani maleji bai ma san an yi canji ba, kuma jantina faɗin inci 9 ne wanda shi ne mafi ƙanƙantar da 275/40 ke yarda da shi. Abokina mai jantin inci 8 ya kwaikwaye ni, tasa ta kumbura kamar alkaki, sitiyari ya yi lagwai-lagwai a kwana. Don haka tambaya biyu ce, tsayi ya yi daidai? janti zai ɗauka? In eh da eh bismilla. Aibinta ɗaya, a hanyar Dammam zuwa Riyad inda tireloli suka kwarta layin dama motar tana bin kwarin, sai ka riƙe sitiyari da hannu biyu.

Baban Ummi, Madina

Ni ba maganar saiz zan yi ba. Ina karanta ku ne gabana na faɗuwa don babu wanda ya yi maganar kwanan watan buga taya. Shekara biyu da suka wuce na samu tayoyi huɗu a wani shago a sina'iyya, unguwar makanikai, araha kamar tsintuwa, sababbi fil har da gashin robar nan, baƙi sai ƙyalli yake don an goge su da mai. Ban duba komai ba, murna nake na yi ciniki. Cikin watan Agusta na taso daga Makka bayan azahar ta hanyar Hijira, ni da ƙanina, zafin da ko gilashi ba ka iya taɓawa, muna cikin tafiya sai ji na yi kamar an harba bindiga, ta baya ta dama ta tarwatse, robar ta daki bodi ta yage bamba. Allah ne kawai ya sa hanyar a miƙe take babu babbar mota kusa, kuma ban taka birki da ƙarfi ba, na sake totur na bar ta ta rage da kanta har na gangara gefe. Da mai sadaha, motar ɗaukar mota, ya zo ɗaukar motar shi ya nuna min lambobi huɗun da ke ƙarshen layin da aka rubuta DOT a gefen tayar, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Tayar ta shekara huɗu da bugawa kafin ma in saya, Allah kaɗai ya san a wace rana aka jibge ta. Tun daga ranar ba a ɗaura min taya sai na tsuguna na karanta da kaina, kowace ɗaya, don wani zai nuna maka sabuwa ɗaya ya ɗaura maka tsofaffi uku. Ka duba kuma inda aka rubuta Temperature, A nake nema, a ƙasar nan ba na sayen C ko kyauta ce. Kai da kake zuwa Madina duk wata wannan ya fi shafar ka.

Kawu na Shara Mansur, Makka

Allah ya ƙara tsarewa Alhaji. Ka tuna min, harafin gudu ma kar a sauka ƙasa da na kamfani, V 240 ne, W 270, Y 300. Na san ba wanda zai yi wannan gudun, amma taya mai babban harafi an gina ta ne ta jure zafi, mu kuwa zafi shi ne abokin gabarmu. Lambar da ke gaban harafin ta nauyi ce, 100 na nufin kilo 800 kowace taya, ita ma kar ta gaza ta jikin ƙofar direba. Iska kuma da safe ake aunawa kafin a yi tafiya. Samari na zuwa min da rana tsaka su ce in rage musu iska ta hau, ai dole ta hau, in ka rage ta da zafi gobe da asuba tayar a kwance take, kuma taya mai ƙarancin iska ita ce ke fashewa a hanya.

Abu Sultan, Riyad

Kuma Ɗan Karantina, cin da tayarka ta yi ta ciki da ka faɗa, matsalar mizan ce, wato saitin ƙafafun mota. In ba ka gyara ba sabuwar ma haka za ta bi.

Ɗan Sabil, Jidda

Ni irin motarka gare ni sak, 2016. Na gwada 275/40 duk huɗu don in riƙa juya su gaba da baya, gaban ya ƙara kama kwana sosai, amma na manta jantin gaba inci 9 ne na baya 9 da rabi, ke nan juyawar sai an cire taya daga janti an sake tarsis, wato balansin taya, wahalar ta fi ribar. Yanzu na dawo 255 da 275, Pilot Sport 4S, lambar cinta 300 ce, ta fi masu 200 ɗin da 'yan tseren Dirab ke sawa daɗewa, su waɗancan na filin tsere ne ba na zuwa aiki ba. In kuɗin ya yi maka nauyi duba Hankook Ventus S1 evo3 ko Falken Azenis FK510, wani ɗan uwana na kan Falken ɗin bai yi kuka ba. 275/40R19 akwai ta a garin nan, kawai mutuminka ne ba shi da ita, ka zaga manyan wakilai ko ka sa a kawo maka.

Ɗan Karantina, Jidda

Na dawo da rahoto. Na bar 285 ɗin, na samu 275/40R19 guda biyu harafin Y, bugun bana, na tsuguna na karanta kamar yadda Alhaji ya ce har yaron shagon yana min dariya. Aka ɗora ta a na'urar mizan ashe bayan hagu ya karkace sosai, an gyara. Na gode Kawu, na gode Maman Rayyan, Allah ya saka. Sai dai da na duba na gaba, zanensu da sauransa amma 2019 aka rubuta kuma na ga 'yan tsage-tsage ƙanana a gefe, ga shi kamfaninsu daban da sababbin na baya. Ranar Alhamis nake son tafiya Madina, albashi kuma sai 27. In lallaɓa da su ko in hau jirgin ƙasa wannan karon?

Baban Ummi, Madina

Hau jirgi ɗan uwa. Ka turo min lokacin saukarka ta akwatin saƙo, ni zan ɗauko ka a tasha in kai ka wajen Hajiya.