Wace kalma za mu sa wa "front" na marubutan fim ɗin Amurka?

Jama'a ina neman taimakonku. Ina rubutu kan marubutan Hollywood da aka hana aiki daga 1947, lokacin da kwamitin majalisar wakilan Amurka ya tasa ƴan fim gaba yana tambayarsu ko ƴan kwaminis ne, mutum goma suka ƙi amsawa, aka ɗaure su, manyan kamfanoni kuma suka haɗa baki cewa ba mai ƙara ba su aiki. Shi blacklist, wato sunan wannan hana aikin da Turanci, bai ba ni wahala ba, baƙin littafi dai kowa ya san shi. Sauran kalmomi biyun ne suka tsaya min a wuya: sunan da marubuci ke sawa a maimakon nasa, da kuma "front".

Dalton Trumbo na cikin goman nan. Da ya fito daga kurkuku bai ajiye alƙalami ba, yana da iyali. The Brave One na 1956 shi ya rubuta amma sunan Robert Rich aka sa, da aka kira sunan a bikin Oscar wakilin ƙungiyar marubuta ne ya je ya karɓo kyautar. Wani ya ce min in sa sunan bogi, wallahi raina bai kwanta ba, bogi ai na macuci ne, shi ko wannan shi aka cuta. Sunan alƙalami kuma marubutanmu da son ransu suke zaɓa. Ni dai na tsaya kan sunan fakewa, kamar mai fakewa ruwa a zauren wani.

To front fa? Shi mutum ne mai rai da jini, zai ɗauki rubutunka ya kai kamfani ya ce nasa ne, ya karɓo kuɗi ya kawo maka, wani ya cire nasa kason wani bai taɓa ko sisi. Haka abokin Trumbo, Ian McLellan Hunter, ya yi masa a Roman Holiday na 1953, Oscar ɗin ma shi aka miƙa wa, kuma daga baya shi kansa ya faɗa baƙin littafin. An ba ni shawarar in sa ɗan aron suna, ba laifi, amma wa ya ara wa ya bayar? Kalmar na juyawa ta ko'ina.

Abin da ya fi zauna min shi ne uban riƙo. Yaro na hannunsa, unguwa na kiran yaron da sunansa, ƴan gida kuwa sun san mahaifin. Kuma riƙo ai ana mayarwa, a 1993 aka ba matar Trumbo kyautar Roman Holiday ɗin nan, shekara 17 da rasuwarsa. Damuwata ɗaya, cikinsu akwai mata, uwar riƙo za mu ce ko mu haɗe su duka da mariƙi? Malaman Hausa da ƴan Kannywood masu rubuta labari, ku faɗa min wanne ya fi daɗi a kunne.