Taragun roba na layin milimita 45: ta ina ake fara gyara su yi kama da na gaske?

Mai_Tarago:
Assalamu alaikum. Ina da taragun fasinja huɗu na roba, irin masu arha da ke zuwa cikin kwali tare da kan jirgi mai batir. Tafiya lafiya lau, amma kallo ɗaya ka san kayan wasan yara ne: ja jawur masu sheƙi, gajeru, sun yi tsololo a kan ƙafafunsu, ga ƙatuwar ƙugiya mai barin tazarar yatsu uku tsakanin tarago da tarago. Kwanar layina R1 ce, wato rabin faɗin da'irarta milimita 600. Ta ina zan fara, kuma me ya fi saurin ɓaci?

Bogi45:
Wa'alaikumus salam, Malam. Ajiye fenti tukuna, ka fara daga ƙasa. Amma kafin nan ka tsayar da sikeli, wato sau nawa aka rage girman jirgin gaske, domin layin milimita 45 ba sikeli ɗaya ke hawansa ba. LGB, samfurin ƙananan jirage da ya fito a Jamus a 1968, 1:22.5 yake bi, yana kwaikwayon dogo mai faɗin mita ɗaya. Dogo mai faɗin ƙafa uku na Amurka 1:20.3 ne. In tsohon dogon Najeriya mai milimita 1,067 kake nufi, lissafin na faɗawa kusan 1:24. Auna ƙofar taragon: a 1:22.5, mutum mai tsayin mita 1.75 milimita 78 ne, don haka ƙofa ta kai wajen 84. In ta gaza sosai, bi 1:24 ka huta.

Sai ƙafafu. Cire na roba ka sa na ƙarfe masu milimita 31. Suna sauko da nauyi ƙasa, ba sa shafa wa layi baƙin datti, kuma ƙararsu a gaɓar dogo ita kaɗai ta isa ta canza jirgin. Tazarar cikin ƙafa zuwa cikin ƙafa ta zama milimita 40. In ta kauce, a wurin sauya layi za ka ga tarago ya sauka.

Tsayin kuwa daga dandamalin da bogi (ƙaramin firam mai riƙe da ƙafafu) ke juyawa a ƙarƙashinsa yake. Rage milimita 3 zuwa 4 da magagari, kaɗan-kaɗan, kana gwadawa a kwana. In ka zarce, leɓen ƙafa zai riƙa gogar ƙasan tarago. Wajen mayar da sukuru, ɗaure bogi ɗaya yadda zai juya kawai, ɗayan ka sassauta masa ya iya karkata hagu da dama. Ka ɗaure duka biyun tam, ƙafa ɗaya za ta tashi duk inda layi bai kwanta daidai ba.

Zarto_da_Gam:
Gajartar ce babbar matsala, kuma maganinta a haɗa biyu su zama ɗaya. Kwance komai: rufi, gilashi, kujeru. Yanka da zarto mai ƙananan haƙora a tsakiyar ginshiƙin da ke raba taga da taga, ka bar rarar milimita 1, sannan ka goge bakin a kan sanfefa da aka manna a jikin gilashi mai kauri don ya fito sak. Yankan ƙasan tarago kada ya faɗo layi ɗaya da na bango. Gusar da shi kamar milimita 30, in ba haka ba taragon zai lanƙwashe daga nan. Ta ciki ka ɗora fallen sitairin (wata irin roba) mai kaurin milimita 1.5 a kan gaɓar, a ƙasa kuma ƙarfen almuniyam mai kusurwa, a ɗaure da ƙananan sukurori. Gwada gam mai narkar da roba a kan guntun da ka yanke: in robar ba ta yi laushi ba, ba zai kama ba, sai ka koma gam ɗin ifoksi bayan ka karce wurin.

Bogi45:
Aikin daidai ne, amma a kwanar 600 ban ba da shawarar a haɗa biyu cif ba. Dogon tarago gindinsa na fita waje sosai a irin wannan kwana, ya ja na bayansa ya kayar. Ƙara taga biyu kawai, wato ka yanka tarago ɗaya ka raba wa sauran, huɗun nan su koma uku. Kuma ka bar ƙugiya a jikin bogi, kada ka mayar da ita jikin tarago sai kana da kwana mai mita 1.2 zuwa sama. Rage wuyanta milimita 10, ka tura tarago biyu da hannu ta kwana mai siffar S, ka duba ko bakin rufinsu na taɓa juna.

Mai_Tarago:
Na gode, 'yan uwa. To fentin fa, da rubutun da ke jikinsu?

Hajiya_Fenti:
Rubutu yakan fita da alkohol na aisofurofil da auduga, ko sanfefa lamba 800 da ruwa. Don Allah a guji man birki, yana sa wasu robobin su tsattsage daga baya. Wanke jikin da sabulu, ya bushe sarai, sannan firama (fentin share fage) toka-toka shafi biyu marasa kauri daga nisan santimita 25. Fenti mai tina (sinadarin tsinka fenti) da yawa yana yamutsa fuskar roba, shi ya sa ake fara gwaji a cikin rufi. Kada ka fesa da tsakar rana. Fentin zai bushe a iska ya sauko kamar yashi.

Rufi ne ido ke fara gani a jirgin lambu, wato irin wannan da ake shimfiɗa layinsa a waje, can ya kamata ka ɓata lokaci. Yanka takardar tishu falle-falle mai faɗin milimita 40, ka shimfiɗa su a gicciye bisa rufin, kowanne ya hau na kusa da shi da milimita 2, ka danne da farin gam na kafinta da aka tsinka da ruwa. In ya bushe zai fito kamar tamfol. Shafa toka mai duhu, ba baƙi wuluk ba, don baƙi na jan zafi ya murɗe roba. Ƙasan tarago da bogi a ba su ruwan ƙasa-ƙasa tsararo, ya kwanta a lunguna kamar ƙura.

Fanis marar sheƙi ne shafi na ƙarshe, kuma kafin a mayar da gilashi ake fesa shi. Gilashin ma da farin gam za ka manna. Sufa gulu yana barin farin hazo a jikinsa wanda da wuya ya gogu.