Sabon rim a tsohuwar mota: dole ne sai da sifesa?

Mai 406: Salamu alaikum jama'a. Na sayo rim na alminiyam inci 15 zan ɗaura wa 406 ɗina. Huji huɗu ne, sun hau daidai, amma ana juya tayar gaba sai ta riƙa gogar shoka. Mai shagon ya ce duk tsohuwar mota sai an sa mata sifesa, wato faifan da ake sawa tsakanin rim da mota, in za ta ɗauki sabon rim. Haka ne?

Falkanaiza: Wa alaikumus salam. Neman ciniki yake yi. Golf 3 nawa nake ɗaura wa rim ba tare da an ƙara ko wosha ba? Sifesa kayan 'yan gayu ne masu son taya ta leƙo waje.

Baba Direba: Yaro, mayar masa da rim ɗinsa ka karɓi kuɗinka. Peugeot muka tuƙa tun ana harhaɗa 504 a Kaduna, ba mu taɓa cusa wani faifai tsakanin taya da mota ba. Hanyar da muke bi ramuka ne, ga lodi. Boris zai ci, wata rana taya ta wuce ka a guje.

Injiniya: Baba, a yi mini afuwa, zan ɗan saɓa. Mai shago ya yi kuskure da ya ce "duk", amma a kan wannan motar wataƙila yana da gaskiya. Mai 406, duba bayan rim ɗin, akwai inda aka buga ET da lamba. Nawa ka gani?

Mai 406: ET35.

Injiniya: To ga matsalar. Lambar nan tana nuna milimita nawa fuskar da ke manne da mota ta gota daga tsakiyar rim. In ta yi yawa, taya ta shige ciki. Rim ɗin 406 na asali wajen ET18 zuwa 20 yake. Naka ya shige da kusan milimita 15, shi ya sa yake taɓa shoka. Sifesa mai kaurin 15 zai mayar da taya inda kamfani ya ajiye ta, muddin faɗin rim ɗin bai wuce na asali ba. Golf 3 kuwa da ma ET ɗinta babba ne, shi ya sa Oga Falkanaiza bai taɓa buƙata ba.

Baba Direba: Boris ɗin fa?

Injiniya: Boris yana wahala ne in an tura taya waje fiye da mazauninta, kamar yadda yara ke yi don ado. Nan kuwa komar da ita ake yi.

Falkanaiza: A takarda kenan, Injiniya. Zo bakin titi ka ga irin sifesan da ake kawo mana. Faifai ne sumul mai huji barkatai, wai ya shiga kowace mota, babu leɓen da rim zai zauna a kai. Daga gudu 80 sitiyari ya fara rawa, a dawo a ce ban yi balansin daidai ba.

Injiniya: Wannan kam na ba ka. Wuyan 406, wato inda ramin tsakiyar rim ke zama, milimita 65.1 ne. Sai sifesan da aka yanka daidai da shi, mai nasa leɓen. In ramin tsakiyar rim ya fi haka faɗi, a sa zobe ya cike. Kuma 406 kusoshi ake ɗaura mata daga waje, ba noti ba. Kaurin 15 ya cinye milimita 15 daga tsawon kusoshin, dole a sayi dogaye. Kusa ta shiga aƙalla zagaye tara kafin ta ɗaure. Kada kuma ta yi tsawo fiye da kima, a ƙafar baya za ta taɓa kayan birki.

Ɗan Kofar Ruwa: Ku ƙara da cewa sifesa na yau da kullum ba ya gyara huji. Kullum sai an zo mana da rim ɗin Corolla wai a sa wa Golf, tunda duka 4x100 ne, wato huji huɗu a da'ira mai faɗin milimita 100. Ramin tsakiyar rim ɗin Corolla 54.1, wuyan Golf 57.1, ba ya hawa. Na Ford ma 4x108 ne kamar Peugeot, amma raminsa 63.4. Ita kuwa 504 ta Baba 4x140 ce, rim ɗinta sai an tona.

Baba Direba: Kun ji ko? Sifesa, zobe, dogayen kusoshi takwas ko sha shida. Haɗa kuɗin ka gani ko bai sayi rim ɗin Peugeot na Beljiyam ba.

Ɗan Kofar Ruwa: Nan kam Baba ya kama mu. Na 406 na asali suna nan a kasuwa, ka ɗaura ka tafi.

Mai 406: Matsalar mai shagon ya ce ba ya karɓar kayan da aka riga aka sa wa taya.

Injiniya: To ka sa sifesan kirki, ƙafa huɗu duka. A goge tsatsar wuyan kafin a ɗora, a ɗaure kusoshin a gicciye, in ka yi kilomita 50 zuwa 100 ka koma a sake matse su.

Falkanaiza: Kawo ta in fara gwada ƙafa ɗaya, mu murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama mu ga ko za ta taɓa madigadi.

Baba Direba: Ku gwada. Ni dai in motar haya ce mai ɗaukar mutum shida da buhuna, ban yarda ba.